Na maƙale a babin sulhu: me ake rubutawa cikin yarjejeniyar da ke kawo ƙarshen yaƙin mulkin mallaka?

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum marubuta da makaranta. Yau da ƙoƙon bara na zo.

Shekara 2 ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari, na kai babi na 31, a nan alƙalami ya ƙi gaba ya ƙi baya. Bari in ba ku labarin a gurguje don ku ga inda ƙayar ta soke ni.

Ƙasashe biyu ne, duka ni na ƙirƙiro su, kada wani ya wahalar da kansa neman su a taswira. Mazarga daula ce ta ƙetaren teku, masu jiragen ruwa da igwa. Ilwa kuma masarauta ce ta cikin tsaunuka, Allah ya hore mata tagulla a ƙarƙashin ƙasa da tashar jiragen ruwa guda ɗaya mai zurfi, wadda na raɗa wa suna Sulbe. Mutanen Mazarga da sunan ciniki suka fara zuwa. Suka roƙi fili su gina wurin ajiyar kaya, wurin ajiya ya zama ganuwa, ganuwa ta zama gidan gwamna. Shekara 70 suna juya Ilwa yadda suka ga dama. Sarki yana nan kan gadonsa, amma ko dogari ba ya naɗawa sai gwamna ya buga hatimi. Daga baya yaƙi ya ɓarke, aka shekara 9 ana gwabzawa, ba wanda ya kai wani ƙasa. Mazarga na riƙe da Sulbe da garuruwan bakin teku, mayaƙan Ilwa na riƙe da tsaunuka da hanyar da ake sauko da tagulla. Baitulmalin Mazarga ya yi ƙat, a Ilwa kuma yunwa ta fara kashe mutane fiye da harsashi. Kowa ya gaji, aka yarda a zauna.

Yaƙin bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Babi 12 na rubuta na kwanton ɓauna da ƙone gada da kukan mata, hannuna bai taɓa tsayawa ba. Sulhun ne ya gagare ni. Na zauna dare uku na fito da takarda mai sharaɗi huɗu: an daina yaƙi daga yau, sojojin Mazarga za su koma ƙasarsu, kowa zai saki fursunonin da ke hannunsa, masarautun biyu za su zauna cikin aminci da zumunci har abada. Na sa Wazirin Ilwa da jakadan Mazarga suka sa hannu, suka rungumi juna, aka buga tambura.

Na miƙa wa yayata littafin rubutun, ita ce mai fara karanta mini komai. Ta karanta a tsaye, ta juya shafin ta ga babu komai a bayansa, ta sake juyowa. Sai ta ce, "Shi ke nan? Mutanen da suka yi shekara 70 suna kwasar tagulla za su tattara komatsansu su tafi saboda an ce musu zumunci? Ko rabon gadon akuya ya fi wannan rigima." Ta ɗauki jan biro ta ja layi ƙarƙashin "har abada", ta rubuta a gefe: wa ya faɗa miki? Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarta.

Abin da nake nema ke nan. Irin wannan takarda, a zahirin tarihi, me ake zubawa a cikinta? Me ake jayayya a kai har a kwana ana zaune? Wanda ya yi mulkin mallaka, me yake riƙewa in ya ga tafiya ta zama dole? Sannan ga babbar matsalata: Waziri shi ne gwarzon labarin, shi zai sa hannu, kuma ina so mai karatu ya rufe littafin bai san ko ya yi masa addu'a ko ya tsine masa ba. Da wannan takarda mai sharaɗi huɗu, babu abin tsinewa, babu ma abin yabo.

Akwai kuma mutanen Sulbe. Cikin shekara 70 ɗin nan da yawansu sun yi wa Mazarga aikin akawu da ɗan sanda da soja, wasu ma auratayya ta haɗa su. Ban san inda zan sa su ba, sai kawai na yi shiru a kansu. Ina da wani tafinta ma, tsoho, da ya bayyana sau biyu a farkon littafin na manta da shi.

Duk mai ilimin tarihi ko na shari'a ya taimaka mini, Allah ya saka.

Malam Na Bayan Aji ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Yayarki ta yi miki gata, ki riƙe ta da kyau.

Na koyar da tarihi shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma abin da na lura da shi a irin waɗannan takardu shi ne, maganar daina harbi ita ce mafi sauƙi, layi biyu ta ƙare. Abin da ke cin watanni shi ne kuɗi, da ƙasa, da kalma ɗaya tak da za a kira abin da ya faru.

Fara da kalmar. Jakadan Mazarga ba zai taɓa yarda a rubuta cewa Ilwa ta ƙwaci 'yancinta ba. Zai so a rubuta cewa Sarkin Mazarga, cikin alherinsa, ya ba Ilwa 'yanci. Wazirinki kuma zai ce a'a, sai dai a rubuta ya amince da 'yancin da dama muke da shi. Kada ki ɗauka wasa ne. A yarjejeniyar Paris ta 3 ga Satumba 1783, sharaɗi na farko cewa ya yi Sarkin Ingila ya amince jihohin Amurka 'yantattu ne masu cin gashin kansu. Haiti kuwa, wadda ta kori Faransa da ƙarfin tsiya ta ayyana 'yanci a 1804, ba ta sami wannan ba. A 1825 Sarki Charles na 10 ya aiko da takardar umarni tare da jiragen yaƙi, wai shi ne ya ba su 'yancin, bisa sharaɗin su biya faran miliyan 150 diyya ga Turawan da suka yi asarar gonaki. Ki lura, bayin da aka 'yanta su ne za su biya iyayen gijin da suka bautar da su. Kuɗin biyan kashin farko ma sai da Haiti ta ciwo bashi daga bankunan Faransa ɗin. A 1838 aka rage zuwa miliyan 90, duk da haka ƙasar ta yi shekaru aru-aru tana nishi ƙarƙashin bashin. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

To ga tambayar da za ki yi wa kanki: kuɗin da Mazarga ta kashe tana yaƙar Ilwa shekara 9, a littafin wa aka rubuta shi? Galibi mai mulkin mallaka a asusun ƙasar da yake mulka yake rubutawa. Da Holan ta zauna da Indonesiya a birnin Hague a 1949, babban abin da ya kusa watsa taron shi ne wannan. A ƙarshe Indonesiya ta karɓi bashin gwamnatin mulkin mallaka na sama da gilda biliyan 4, alhali 'yan Indonesiya na ƙorafin cewa har da kuɗin harsashin da aka harbe su da shi ake son ɗora musu. Ki sa akawun Mazarga ya shigo ɗakin da manyan littattafai guda uku ya ajiye gaban Waziri. Wannan kaɗai babi ne.

Sai abin da ake riƙewa. Ke da kanki kin ce Mazarga na riƙe da Sulbe ranar da aka tsagaita wuta. Wa zai miƙa tashar da ba a ƙwace daga hannunsa ba? Dubi yarjejeniyar Evian ta 18 ga Maris 1962, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Aljeriya bayan fiye da shekara 7. Aljeriya ta sami 'yanci, amma Faransa ta riƙe sansanin sojan ruwa na Mers el-Kebir da hayar shekara 15, ta riƙe wuraren gwajin makamanta a Sahara na shekara 5, har ta ci gaba da gwajin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa a can zuwa 1966, cikin ƙasar da ake cewa ta sami 'yanci. Kamfanoninta kuma suka ci gaba da haƙar mai. Amma ga abin da zai yi miki amfani: Faransa ta bar Mers el-Kebir tun 1968, wa'adi bai ko kai rabi ba, a 1971 kuma Aljeriya ta karɓe ragamar man. Wato wanda ya sa hannu kan sharaɗi mai ɗaci wani lokaci lissafi yake yi, ya san in tuta ta sauka sauran abubuwa za su bi ta a hankali. Wani lokaci kuma lissafin ya ci shi. Waziri ba shi da hanyar sanin wanne ne zai same shi, mai karatu ma haka. Ga inda za ki samo addu'ar da tsinuwar da kike nema.

Abu na ƙarshe, wanda na fi so: abin da aka kasa warwarewa ba a fasa sa hannu saboda shi, ɗage shi ake yi. A Hague an ce maganar yammacin tsibirin New Guinea za a daidaita ta cikin shekara guda. Sai 1962 aka daidaita, bayan an kusa komawa fagen daga. Ki nemi wani yanki a taswirarki, ko da tsibiri ne mai duwatsu, ki rubuta "za a duba wannan bayan shekara ɗaya." Duk mai karatu mai wayo zai ji ƙamshin littafi na biyu.

Batun runguma kuwa, ki cire. Akwai wani zane da Benjamin West ya fara na wakilan da suka yi sulhun 1783. Wakilan Amurka suna nan a zane, ɓangaren Ingila kuwa fari fat har yau, don ba su yarda sun zauna an zana su ba.

Mai Fassara ya amsa:

Anti, ni dai layinki na ƙarshe ne ya tsayar da ni. Kina da tsohon tafinta kin manta da shi? Ai shi ne mutum mafi haɗari a ɗakin nan, ya fi Sarkin Yaƙi.

Aikina ke nan, fassara, kuma labarin da ba na gajiya da ba wa masu koyo shi ne na Wuchale. A 1889 Sarki Menelik na Habasha ya sa hannu kan yarjejeniya da Italiya, kwafi biyu, ɗaya da Amhariyanci ɗaya da Italiyanci. Sharaɗi na 17 a kwafin Amhariyanci ya ce Sarki yana iya bi ta hannun Italiya in zai yi hulɗa da sauran ƙasashen Turai, wato in ya ga dama. Kwafin Italiyanci kuwa ya mayar da abin wajibi. Da wannan Italiya ta zagaya Turai tana shelar cewa Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyarta. Menelik bai san an yi masa wannan ba sai da ya aika wa sarakunan Turai wasiƙu, amsa ta dawo cewa ai kamata ya yi ya bi ta Roma. Ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893, aka ƙare a fagen Adwa ranar 1 ga Maris 1896, inda Italiya ta sha kashi. Sulhun Addis Ababa na 26 ga Oktoba na shekarar ya soke Wuchale gaba ɗaya, Italiya ta amince da cikakken 'yancin Habasha. Duk da wannan nasara, Eritrea ta ci gaba da zama a hannun Italiya, abin da Malam ya faɗa ke nan, ko wanda ya ci yaƙi ba ya tashi da komai.

Tsakanin "yana iya" da "dole ne" aka zubar da jinin dubban mutane. Ki duba Mazarga da Ilwa, harshensu ɗaya? In ba ɗaya ba ne, takardarki biyu ce, ba ɗaya ba. Kuma dole a sami sharaɗi can ƙasa da ke cewa in an sami saɓani, kwafin wane harshe za a bi. Mutane ba sa karanta wannan layin, a nan kuwa ake yanka su.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. Maganar Sulbe ta cije, an kwana 20 ba a motsa ba. Mazarga na son kalmar da ke nufin mallaka, Ilwa ba za ta wuce kalmar aro ba. Sai tsohon nan ya tuno wata tsohuwar kalma a harshen Ilwa, irin wadda makiyaya ke amfani da ita in sun ba wani dabba ya kiwata, wadda ba kyauta ba ce ba kuma aro ba. Ya sa ta a kwafin Ilwa, ya sa wata mai kama da ita amma ta fi nauyi a kwafin Mazarga. Kowane ɓangare ya karanta nasa ya gyaɗa kai. Shi kaɗai ya san ba abu ɗaya suka sa wa hannu ba. Ya yi ha'inci ne, ko ya ceci yaran da yunwa za ta kashe a wata mai zuwa? Ni da nake wannan sana'a ba zan iya yanke masa hukunci ba, na taɓa zama tsakanin mutum biyu masu faɗa na sassauta kalmar ɗaya don kada a tashi baram-baram, na kuma kwana ina tunanin ko na ci amana.

Wani abu kuma kan sunaye da laƙabi. Mu da muka tashi da karatun sira mun san abin da ya faru a Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. Suhailu ɗan Amru ya ƙi a rubuta "Manzon Allah", ya ce da mun yarda da haka ai da ba mu yaƙe ka ba, a rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi. Annabi (SAW) ya yarda aka goge, sahabbai kuwa abin ya yi musu nauyi ƙwarai. Ba yaƙin mulkin mallaka ba ne, amma ya nuna miki cewa tun layin farko, kafin a zo kan sharaɗi ko ɗaya, ake fara ja. Shekara 70 Mazarga tana kiran Sarkin Ilwa da wani ƙaramin laƙabi, ko ba haka ba? To ranar sulhu da wane suna za a rubuta shi, kuma sunan wa zai zo farko?

Uwar Tagwaye ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ban taɓa kawo maganar bashi a raina ba, ni duk tunanina wanda ya yi ɓarna shi ke biya. Na karanta labarin Haiti sau biyu, na ajiye waya na yi shiru.

Ƙanena Mai Fassara, ka tayar mini da tsohon da na binne. Na koma babi na 4 na same shi, ashe har na rubuta cewa uwarsa 'yar Ilwa ce, ubansa kuma ma'aikacin jirgin Mazarga ne da bai taɓa gani ba. Na rubuta na manta. Kuma e, gwamnonin Mazarga "babban hakimi" suke ce wa Sarki a duk wasiƙunsu, ni na sa hakan da hannuna a babi na 2 don in ba mai karatu haushi, ban san zai dawo ya yi mini rana ba.

Saura mutanen Sulbe. Har yanzu ban san yadda zan yi da su ba.

Gaskiya Ɗaci ya amsa:

Hajiya, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa wa Malam da ɗan'uwana tafinta, ba don sun yi kuskure ba, sai don duk su biyun suna cikin ɗakin taro. Ni a waje nake tsaye, wurin waɗanda ba a ba kujera ba.

Kin ce kin yi shiru a kan mutanen Sulbe don ba ki san inda za ki sa su ba. Ai ba ke kaɗai ba ce, masu rubuta yarjejeniyar gaske ma haka suke yi, bambancin kawai su da gangan suke yi. Takardar 1783 da Malam ya ambata ba ta ce uffan ba kan ƙabilun asalin Amurka da suka taya Ingila yaƙi, aka miƙa ƙasarsu har bakin kogin Mississippi ba a tambaye su ba. Amurkawan da suka tsaya wa Sarkin Ingila kuwa, abin da aka rubuta musu shi ne majalisa za ta ba jihohi shawara da gaske su mayar musu da dukiyarsu. Shawara fa. Jihohi suka yi kunnen uwar shegu, dubban mutane suka ƙare a Kanada. A Vereeniging, 31 ga Mayu 1902, Ingila da Buwa, wato Turawa 'yan asalin Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu, suka sasanta, aka ware fam miliyan 3 don gyara gonakin Buwa, aka kuma rubuta cewa maganar ba baƙaƙen fata ƙuri'a ba za a yanke ta ba sai bayan Buwa sun sami mulkin kansu. Kowa ya san ma'anar wannan, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya a Afirka ta Kudu.

Evian ta fi kusa da Sulbe ɗinki. An rubuta cewa ba za a hukunta kowa kan abin da ya yi lokacin yaƙi ba. Turawan da aka haifa a Aljeriya an ba su shekara 3 su zaɓi ƙasar da za su zama 'yanta, amma mafi yawansu ba su jira ba, cikin 'yan watanni suka cika jiragen ruwa. Su kuwa harki, 'yan Aljeriyar da suka yi wa Faransa aikin soja, an karɓe makaman da yawansu aka bar su a baya, aka kashe dubbai bayan tsagaita wuta. Takarda ta ce an yafe, amma takarda ba ta kwana a ƙauye. Saboda haka ki rubuta sharaɗin afuwa mai daɗin karantawa, ki sa Waziri ya yi rantsuwa a kai da zuciya ɗaya, sannan ki kai mu bakin tashar Sulbe ranar da jirgin ƙarshe zai tashi, mu ga wa aka bari ya hau, wa aka tura baya da gindin bindiga.

Sannan Wazirin naki, kada ki damu da neman wanda zai tsine masa, nasa ne za su yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Michael Collins ya yaƙi Ingila, ya je Landan ya sa hannu ranar 6 ga Disamba 1921. Ya samo wa Ailan gwamnatinta, amma da rantsuwar biyayya da ta ambaci Sarkin Ingila, da tashoshin ruwa uku a hannun sojan Ingila, arewa kuma ta tsaya a waje. Majalisarsu ta amince da ƙuri'a 64 a kan 57. Kafin shekara ta zagayo abokan gwagwarmaya sun juya wa juna bindiga, a watan Agustan 1922 aka harbe Collins a kwanton ɓauna, kuma ba Baturen Ingila ne ya harbe shi ba. Rantsuwar an soke ta a 1933, tashoshin an dawo da su a 1938, shi yana kabari.

Ina Sarkin Yaƙin Ilwa yake lokacin da ake wannan zama? In yana kan tsauni da mutanen da suka binne 'yan'uwansu shekara 9, wa zai hau ya gaya masa an bar wa Mazarga Sulbe?

Uwar Tagwaye ta amsa:

Yana kan tsauni. Kuma ƙanin matar Waziri ne, tun babi na 7 na haɗa su surukuta don wani dalili daban. Gaskiya Ɗaci, sunanka ya bi ka.

Jiya bayan yara sun yi barci na yage shafin nan mai sharaɗi huɗu. Yanzu ina da 19, kuma babi na 31 ya zama babi uku. Ba a cikin fada za a zauna ba, na mayar da zaman cikin tsohon wurin ajiyar kayan nan da Mazarga ta fara ginawa, don kowane ɓangare ya ƙi zuwa gidan ɗaya. An ɓata kwana 6 kan laƙabin Sarki. An bar wa Mazarga Sulbe na shekara 25 da kalmar tsohon tafinta, kashi ɗaya cikin biyar na tagulla zai riƙa tafiya biyan bashin da Ilwa ba ta ci ba, maganar wani tsibiri mai fitilar jirage an ɗage ta zuwa baɗi. Sharaɗi na 14 shi ne na afuwa, ya fi kowanne daɗin lafazi, na rubuta shi hannuna na rawa.

Wurin sa hannun, na cire tambura da runguma. Jakada ya sa nasa ya tura takardar. Waziri ya ɗauki alƙalami, sai ya juya ya dubi tsohon ya ce masa da harshen Ilwa, "Baba, abin da ke nan shi ne abin da ke can?" Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, kowace takarda ta faɗi abin da mai ita zai iya ɗauka." Waziri ya daɗe yana kallonsa. Bai sake tambaya ba, ya sa hannu.

Abin da ban yanke ba shi ne ko Waziri ya gane. Yayata ta karanta da safen nan, a zaune wannan karon, ta ce ya gane sarai, shi ya sa bai sake tambaya ba. Ni kuma da na rubuta shi ina ganin gajiya ce kawai ta kama shi, mutumin da ya kwana 40 yana jayayya kan kalmomi. Mun yi musu har shayinta ya huce. Jan biron nata dai wuri ɗaya ya taɓa, ta zagaye sharaɗi na 14 ta rubuta a gefe: tsohon, zai hau jirgin ko zai tsaya?

Baba Malam, in kana kusa, wa ke ajiye asalin kwafin irin wannan takarda bayan an sa hannu, kuma ana iya ɓatar da ɗaya? Ina da dalilin tambaya.